Tiga, Bagauda da Alkawarin Wutar Lantarki

Tun zamanin Turawa, ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Arewa ya fi amfanar na nesa fiye da na kusa. A 1929 kamfanin NESCO ya kafa tashar lantarki a Kurra, a tsaunukan Jos, domin injinan haƙar kuza, ƙauyukan da ke gefenta kuwa suna kwana da fitilar aci-balbal. Wannan tarihi ya shafi manoman rake na Makarfi da masu tumatir na Kudan da Ikara, domin da an tsallaka iyakar Kano ga madatsar Tiga nan, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina a kan kogin Kano aka kammala a 1974. An tashi ƙauyuka, ruwa ya cinye gonaki, amma sai da aka yi kusan shekara 40 kafin a ba da aikin sa mata injinan lantarki, su ma na megawat 10 kacal.

Masu kare madatsun za su ce a dubi Kadawa da Kura, a dubi shinkafa da alkama, a dubi ruwan shan birnin Kano. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai lissafin nasu yana tsayawa ne inda magudanar ban-ruwa ta tsaya. Can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar damina da ke ciyar da masunta da makiyaya da manoma ta ja baya, musamman bayan da aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Mutanen nan ba a nemi shawararsu ba, ba a kuma sa asararsu cikin kuɗin aikin ba. Ga kuma haɗarin ginin kansa: a watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta tafi da gidaje da gonaki da rayuka.

Shi ya sa zancen madatsar lantarki ta Mambila, wadda aka taɓa tsara wa megawat 3,050, da aka shafe shekaru ana sa hannu a kansa ba tare da an ga wuta ba, yake buƙatar taka-tsantsan. Kafin a tare kogin Donga domin wannan aiki, a fara ƙidaya masu noma da kiwo da su a bakinsa, a sa diyyarsu da kuɗin kula da ginin cikin kasafi tun farko.