Daga Ɗakin Kwana Zuwa Zauren Taro

Duk wanda ya yi zaman ɗakin kwana tare da mu zai tuna yadda mukan kewaye fitilar ƙwai bayan an kaɗa ƙararrawar barci, mutum ɗaya na karanta Ruwan Bagaja, saura mun yi tsit. A Amurka irin wannan zama ne ya bunƙasa ya zama gagarumin taro. Masoya ƙagaggun labaran kimiyya sun fara nasu na duniya a New York a 1939, masoya labaran tsafi da aljanu kuwa a 1975. Mu namu tarihin wata hanya ya bi.

Tushensa gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya kai jaruminsa har ƙasar aljanu. Daga baya Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo kuma ya hau sama da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Duk waɗannan makaranta ce ta miƙo mana su, malam na tsaye a kanmu.

Masu karatu ba su sami dandalin kansu ba sai da adabin kasuwar Kano ya tashi a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino. Shagon hayar littattafai shi ne zauren taronmu na gaskiya. Mukan taso daga Miga ranar kasuwar Haɗeja, mu mayar da na makon jiya, mu tsaya musu kan wane sadauki ya fi wani. Da littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka zo, musun sai ya ƙara zafi. Wasu malamanmu, Allah ya saka masu da alheri, shirme suke kiran su, amma Hausar da yawanmu a can ta nuna.

Taro mai rumfa da lasifika ya makara. Legas ta fara Comic Con a 2012, sai a 2021 aka buɗe bikin littattafan Hausa na HIBAF a Kaduna. Kafin nan shagunan haya da dama sun rufe, littattafan kuma da takarda mai araha aka buga su, gara ba ta raga masu ba. Nawa akwatin, ambaliyar 2022 ce ta tafi da shi.