Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a siyasar Jihar Kano

Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a hanya ce ta bincike da ake yi wa wasu mutane ƙalilan tambayoyi iri ɗaya, sannan a yi amfani da amsoshinsu a kintaci ra'ayin al'umma baki ɗaya. A fagen siyasa ana amfani da ita domin auna farin jinin shugabanni da jam'iyyu, da kuma hasashen inda masu zaɓe suka karkata. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma a zaɓen 2023 tana da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 5.9, ita ce ta biyu bayan Legas. Saboda haka duk hasashen da bai auna Kano daidai ba, musamman yankunanta na karkara, yakan kauce wa sakamakon ƙasa.

Tarihi

Wannan hanya ta samu karɓuwa ne a Amurka bayan zaɓen 1936. Mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt, amma Roosevelt ya yi nasara da babban rinjaye. Mujallar ta ɗauko sunaye ne daga kundin masu wayar tarho da masu motoci, waɗanda galibinsu masu hali ne. George Gallup, wanda ya tambayi mutanen da ba su kai haka yawa ba amma daga rukunoni daban-daban, shi ne ya faɗi daidai. Tun daga lokacin aka fahimci cewa yadda aka zaɓo waɗanda za a tambaya ya fi yawansu muhimmanci.

A Najeriya binciken ya bunƙasa ne bayan komawa mulkin farar hula a 1999, shekarar da aka kafa cibiyar Afrobarometer. A 2006 Ngozi Okonjo-Iweala ta kafa kamfanin NOI Polls a Abuja. Afrobarometer tana tura ma'aikata gida-gida su tattauna da mutane ido da ido cikin harshen da suka zaɓa, shi kuwa NOI Polls ya yi fice wajen tambaya ta waya.

Hasashe da sakamako

Binciken Afrobarometer na ƙarshen 2014 ya nuna Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari sun yi kunnen doki da kashi 42 cikin ɗari kowannensu. A zaɓen Maris na 2015 Buhari ya samu kusan kashi 54, kuma Kano kaɗai ta ba shi ƙuri'u 1,903,999, Jonathan kuwa 215,779.

A watan Satumba na 2022 gidauniyar ANAP ta fitar da binciken da NOI Polls ya yi mata, inda Peter Obi ya samu kashi 21, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kashi 13 kowannensu, Rabi'u Musa Kwankwaso kashi 3. Kusan rabin waɗanda aka tambaya ba su yanke shawara ba, ko kuma sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Tinubu ne ya lashe. A Kano, Kwankwaso ya samu ƙuri'u 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Kimanin kashi biyu bisa uku na dukkan ƙuri'un da Kwankwaso ya samu a ƙasar daga Kano suka fito.

Karkarar arewacin Kano

Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano suna cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin yanayin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da hutu ba, ana ciyar da ita da taki. Ƙananan hukumomi irin su Dambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa da Dawakin Tofa suna da ɗimbin masu zaɓe da ke warwatse a ƙananan unguwanni tsakanin gonaki.

Masu zaɓe a Kano sun saba raba ƙuri'a. A 2011 sun zaɓi Buhari na CPC a matakin shugaban ƙasa, suka kuma zaɓi Kwankwaso na PDP gwamna. A 2023 jam'iyyar NNPP ta ci kujerar gwamna da ta sanatocin Kano ta Tsakiya da Kano ta Kudu, amma a Kano ta Arewa Barau Jibrin na APC ne ya yi nasara. Alkaluman jiha baki ɗaya ba sa nuna irin wannan bambanci.

Matsalolin bincike

Matsala ta farko ita ce ƙarancin waɗanda ake tambaya. Binciken ƙasa mai mutum 1,600 yana iya kaucewa da kimanin kashi 2.5 sama ko ƙasa. Idan aka raba su bisa yawan masu rajista, kason Kano kimanin mutum ɗari ne kawai, kuma a wannan adadin kuskuren yana kai kusan kashi 10. Abin da zai faɗa wa Kano ta Arewa kuwa bai isa a gina hasashe a kansa ba.

Ta biyu ita ce waya. A gidajen karkara da dama wayar tana hannun maigida, don haka muryar mata da tsofaffi takan ɓace, alhali suna fita zaɓe. Tambaya ido da ido ma tana buƙatar ma'aikata mata, domin baƙo namiji ba ya shiga gidan matan aure. Da damina manoma suna gona da rana, da rani kuma matasa da yawa suna tafiya cirani.

Ta uku ita ce harshe. Ana tsara tambayoyi da Turanci a fassara su zuwa Hausa, kuma matakan amsa irin su "na yarda sosai" da "na ɗan yarda" ba su dace da yadda ake magana a kullum ba. Mutane da yawa sun fi sanin jam'iyya da alamarta, kamar tsintsiya ko lema, ko da jagoranta, kamar yadda jar hula take nuna ɗan Kwankwasiyya. Amsa irin ta "sai yadda Allah Ya yi" ana iya rubuta ta a matsayin rashin yanke shawara, alhali sau da yawa hanya ce ta ƙin bayyana ra'ayi ga wanda ba a sani ba, musamman idan ana zaton gwamnati ce ta turo shi.

Sauran hanyoyin auna ra'ayi

'Yan siyasar Kano sukan dogara da yawan jama'a a wurin gangami, da rahoton shugabannin mazaɓu, da hirar majalisa da ta ranar kasuwa. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Freedom Radio da ya fara aiki a 2003, suna ba magoya baya damar bayyana ra'ayi, har aka samu rukunin da ake kira sojojin baka. Waɗannan hanyoyi suna nuna zafin goyon baya, amma ba a lissafa su cikin binciken kimiyya, domin masu magana su ne suke kawo kansu.