Matsarmama da wuƙar likita: tarihin da ke bayan takardar sallama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai fiɗar rago ranar layya ya san inda hannunsa yake sassautawa. Zai yi ta aiki da sauri, ana hira ana dariya, har sai ya iso ga hanta. A nan yake yin shiru. Sai ya kama wata 'yar jaka mai kore-kore da ke manne a ƙarƙashinta, ya bi ta da bakin wuƙa a hankali, ya ɗauke ta ya jefar. Ita ce matsarmama, wasu kuma su ce maɗaciya. In ta fashe, ɗacinta ya ɓata duk naman da ya taɓa.

Ɗan Adam ma yana da ita, a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, kuma cire ta na daga cikin tiyatar da aka fi yi a duniya. Majinyaci yakan farfaɗo ya ga 'yan filastoci uku ko huɗu a cikinsa, washegari a sallame shi da wata takarda mai bayanin abin da likita ya tarar. Yawancinmu muna ninke takardar mu jefa a jaka, domin an ce an yi aiki lafiya, kuma rubutun ba na kowa ba ne. Alhali kusan kowane layi a cikinta amsa ce ga wata tambaya da likitoci suka daɗe suna yi, wani lokaci bayan an yi asarar lafiya ko ta rai. Wanda ya san tarihin zai san layin da ya kamata ya fara nema.

Hanta ce take yin ruwan nan mai ɗaci, kimanin rabin lita zuwa lita guda a yini, domin ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Ruwan yana sauka zuwa ƙaramin hanji ta wata babbar magudana wadda faɗinta bai kai na fensir ba. Matsarmama rumbu ce kawai a gefen hanya: tana rataye da babbar magudanar ta wani siririn reshe, tana tara ruwan, ta kaurara shi, ta matso shi idan an ci abinci mai mai. Idan tsakuwa ta taru a cikinta ta toshe reshen, sai ciwon nan mai tsanani ya taso bayan cin abinci, ya harba har baya ko kafaɗa. Aikin likita shi ne ya yanke reshen ya bar babbar magudanar yadda Allah ya yi ta. Rumbu ana rayuwa ba shi, amma idan aka datse hanyar da ruwa ke bi, ruwan zai koma jini ya zama shawara, ko ya malale cikin ciki.

Tsawon ƙarnoni likitoci sun san da tsakuwar, suna ganinta a gawa, ba su da abin yi wa mai rai. A 1867, a garin Indianapolis na Amurka, wani likita mai suna John Bobbs ya buɗe cikin wata mata yana zaton ƙari ne a kwan mahaifarta. Sai ya tarar da jaka cike da tsakuwa, ya tsaga ta, ya kwashe, ya ɗinke. Matar ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. Daga nan hanyar da manyan likitoci suka bi ke nan: a buɗe matsarmama, a kwashe abin da ke ciki, a bar ta a wurinta. Matsalar ita ce tsakuwar takan dawo.

Wanda ya yi ƙarfin halin cire jakar gaba ɗaya Bajamushe ne, Carl Langenbuch, shugaban asibitin Lazarus da ke Berlin. Hujjarsa mai sauƙi ce: tunda a cikin matsarmama tsakuwar take haɗuwa, kwashe ta ba tare da cire jakar ba aikin baban giwa ne. Ya kuma lura cewa doki da giwa ba su da matsarmama, suna rayuwarsu lafiya. Sai da ya daɗe yana gwada aikin a kan gawawwaki, sannan ranar 15 ga Yulin 1882 ya yi shi a kan wani mutum ɗan shekara 43 wanda ya yi shekara 16 yana fama da ciwon, ya rame, ya dogara da allurar mofin. Abin da Langenbuch ya tarar bai cika ido ba: jaka mai kaurin bango saboda daɗaɗɗen kumburi, da 'yan tsakuwoyi biyu ƙanana. An ruwaito cewa washegari an iske majinyacin yana zuƙar sigari. Bayan makonni kaɗan ya koma gida ba ciwo.

Wannan binciken na farko har yau shi ne aka fi gani a takardun sallama. Idan aka rubuta cewa bangon matsarmama ya yi kauri, ko ta manne da kitsen ciki da hanji, ana nufin ta daɗe tana kumbura tana sacewa, kowane tashin ciwo yana barin tabo. Girman tsakuwa kuwa ba shi ne ma'aunin wahala ba. Ƙananan ma sun fi haɗari, domin su ne suke iya sulalewa ta reshen su faɗa babbar magudana.

Irin tsakuwar ma yana da bayani. Mai launin ɗorawa daga kwalastarol take, ita ce aka fi samu a Turai da Amurka. Baƙa ƙirin kuwa daga ragowar jajayen ƙwayoyin jini da suka farfashe take haɗuwa, shi ya sa ake yawan samunta ga masu ciwon sikila, har da yara ƙanana. A ƙasa irin Najeriya, inda ake haihuwar masu sikila fiye da ko'ina a duniya, wannan layin a takarda yana da muhimmanci, domin ciwon tsakuwa kan ɓuya a bayan tashin sikila, a daɗe ba a gane ba.

Ba a karɓi aikin Langenbuch nan take ba. Shahararren likitan Ingila Lawson Tait ya yi ta sukarsa, yana ganin buɗewa da kwashewa sun wadatar. A hankali dai cirewa ta yi rinjaye. Da aikin ya yawaita sai haɗarinsa ya fito fili: a wurin da reshe ya haɗu da babbar magudana, komai a cushe yake cikin kitse, kuma halittar wani ba ta zama daidai da ta wani. A 1891 Bafaranshe Jean-François Calot ya bayyana ɗan lungun mai kusurwa uku inda reshen da jijiyar jinin matsarmama suke, lungun da har gobe ake kiransa da sunansa. A 1931 Pablo Mirizzi na garin Kordoba a Ajantina ya fara zuba ruwan da ke fitowa a hoto cikin magudanar ana tsakiyar tiyata, domin a ga taswirar hanyar da ko akwai tsakuwar da ta maƙale. Idan takardarka ta ce an ɗauki hoton magudana an ga ruwa yana wucewa zuwa hanji, gadon Mirizzi ne.

Abin da ke faruwa idan wuƙa ta kuskure, babu labarin da ya fi na Anthony Eden nuna shi. A watan Afrilun 1953 Eden yana ministan harkokin wajen Birtaniya, kowa ya san shi ne magajin Winston Churchill. Ranar 12 ga watan aka cire masa matsarmama a wani asibiti a Landan, aka raunata babbar magudanar. Ruwan ɗaci ya riƙa malala, shawara ta kama shi, aka sake buɗe shi a ƙarshen watan, ya kusa rasa ransa. A watan Yuni aka kai shi Boston, inda Richard Cattell, gwanin gyaran irin wannan rauni, ya sake haɗa masa hanyar da hanji. A cikin wannan watan ne shanyewar jiki ta sami Churchill, aka ɓoye wa jama'a. Da Eden yana da lafiya, mai yiwuwa a lokacin zai hau kujerar. Sai a Afrilun 1955 ya zama firaminista.

Magudanar da aka gyara takan tsuke da tabo, ruwa ya tsaya, ƙwayoyin cuta su shiga, zazzaɓi mai karkarwa ya riƙa dawowa. Haka Eden ya rayu. A watan Yulin 1956 Gamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suwez mallakar Masar, kuma a farkon Oktoba, ana tsakiyar rikicin, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Eden a asibiti. Makonni kaɗan bayan haka Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar, Amurka ta juya musu baya, suka janye da kunya. A Janairun 1957 Eden ya sauka bisa shawarar likitoci. Masana tarihi suna muhawara a kan iyakar tasirin rashin lafiyar da magungunan da yake sha a kan shawarwarinsa. Abin da ba a musu shi ne, ɗan bututun da bai kai fensir ba ya bi mutumin har ƙarshen rayuwarsa a 1977, da tiyata bayan tiyata.

Sauyi na gaba ya zo ne daga wani ƙaramin asibiti a garin Böblingen na Jamus. Ranar 12 ga Satumban 1985 Erich Mühe ya cire matsarmama ta 'yan ƙananan ɓuli, yana leƙen ciki ta wani bututu mai madubi da fitila. Da ya gabatar da aikin ga ƙungiyar likitocin tiyata ta ƙasarsa a 1986, ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1987 Philippe Mouret ya yi irinsa a Lyon ta Faransa, daga nan hanyar ta bazu kamar wutar daji. Majinyata ne suka riƙa nemanta da kansu: tsaga mai tsawon taƙi da kwana biyar a gado ta koma 'yan ɓuli da kwana ɗaya.

Sai dai a farkon shekarun 1990 raunin babbar magudana ya ƙaru maimakon ya ragu. A 2003 Lawrence Way da abokan aikinsa suka bi diddigin irin wannan rauni guda 252, suka gano cewa kashi 97 cikin ɗari ruɗin ido ne ya jawo su: likita yana kallon babbar magudana a allo, zuciyarsa ta tabbatar masa reshe ne, ya ɗaure ya yanke hankalinsa kwance. Maganin da aka fi amincewa da shi, Steven Strasberg ne ya tsara shi a 1995: kada a yanke komai sai an share lungun Calot tas, an ɗaga gindin matsarmama daga hanta, an ga abu biyu kacal suna shiga cikinta, wato reshe da jijiyar jini. Likitoci da dama yanzu suna rubuta cewa sun kai ga wannan gani, wasu har da hoto. Shi ne layin da ya fi kowane daraja a takardar. Yau raunin yana faruwa ne ga mutum kaɗan cikin dubu.

Wannan tarihin ne kuma yake sauya ma'anar wasu kalmomi masu tayar da hankali. Idan an rubuta cewa an fara da kyamara aka koma tsaga, ko an cire yawancin matsarmamar an bar ɗan guntu manne da hanta, ko an bar robar tsane ruwa na 'yan kwanaki, mafi yawan lokuta yana nufin kumburi ya rufe lungun, likita ya ƙi yankan abin da bai gani ba. Babban tabo a ciki ya fi abin da ya sami Eden sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma an sami tsakuwa a babbar magudana, tun 1974 likitocin Jamus da Japan suka nuna ana iya zaro ta ta baki da bututu mai kyamara, ba sai an sake buɗe ciki ba.

Jinyar kanta ba ta da tsawo. Ciwon kafaɗar dama a kwanakin farko daga iskar da aka hura wa ciki ne, tana harzuƙa tantanin da ke ƙarƙashin huhu, kuma tafiya kaɗan-kaɗan tana rage shi. Wanda aka yi wa ta ɓuli yakan koma harkokinsa cikin kamar mako biyu, na tsaga kuwa mako shida zuwa takwas, tare da kiyaye ɗaukar kaya mai nauyi. Hanta tana ci gaba da aikinta, ruwan dai yanzu yana ɗiga cikin hanji ba tare da rumbu ba, shi ya sa wasu kan sami sakin ciki bayan miya mai yawan mai ko soyayyen nama, abin da galibi yakan lafa da lokaci. Alamomin da ba a jira da su kuwa su ne na magudana: zazzaɓi, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ciwon ciki yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko cikin ya kumbura. Raunin da aka gano da wuri aka kai wa gwani ya fi gyaruwa.

Akwai takarda ta biyu da mutane suka fi mantawa. Matsarmamar da aka cire ana aika ta ɗakin bincike a duba namanta da madubin ƙara girma, sakamako ya fito bayan mako ɗaya ko fiye. Kusan kullum abin da yake cewa shi ne abin da Langenbuch ya gani da idonsa a 1882, daɗaɗɗen kumburi da tsakuwa. Amma jefi-jefi akan tarar da sankara a farkonta wadda hoto bai nuna ba, kuma a wannan matakin ne ake iya yi mata magani. A asibitocinmu, inda sau da yawa ɗan'uwan majinyaci ne ake miƙa wa kwalbar ya kai ɗakin bincike ya biya, sakamako da yawa suna nan a ajiye ba wanda ya koma karɓa, domin mai ciwo ya ji sauƙi.

Saboda haka ranar komawa ganin likita, a tafi da takardun biyu, a yi masa tambaya uku: yaya kuka tarar da matsarmamar, kun ga babbar magudana lafiya babu tsakuwa, me binciken nama ya nuna? A nemi kwafin bayanin tiyatar a adana shi tare da muhimman takardun gida. Idan bayan shekara goma wani ciwo ya taso a gefen dama, likitan da zai duba ka ba zai iya ganin abin da na farko ya gani ba sai ta wannan takardar.