Daga Turke Zuwa Gareji: Tarihin Ajiye Abin Hawa a Ƙasar Rano

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka, mai motar ƙasaita yakan janye ta daga titi da zarar sanyi ya kunno kai. Hukumomi kan watsa gishiri a kan hanya don narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa shi ke haddasa tsatsa a ƙarƙashin mota. Al'adar ta yi ƙarfi har doka ta san da zamanta. A 1997 Jamus ta fito da lambar mota mai aiki na wasu watanni kaɗai a shekara, a 1998 kuma Birtaniya ta tanadi hanyar da mutum zai sanar da hukuma cewa motarsa ta bar titi.

Mutumin Lausu zai iya cewa wannan ba damuwarsa ba ce, tunda hunturunmu ƙura da hazo yake kawowa. Sai dai ƙasar Rano da Kibiya ta daɗe da sanin lokacin da ake ajiye abin hawa mai daraja. Lokacin shi ne damina, abin hawan kuma da farko doki ne.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma tarihin Kano ya nuna darajar doki tun zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka kuma danganta masa shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kudancin Kano ya zama bakin daga, domin Ningawa sun yi ta kawo hari, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. A irin wannan yanki, ingarman doki shi ne bambanci tsakanin cim ma mahara da rasa iyali.

Amma yaƙi da doguwar tafiya galibi aikin rani ne. Idan ruwa ya sauka, rafuka sun cika, hanya ta zama laka, talakawa sun koma gona, sai doki ya koma turke. Nan ne haɗarinsa ya fi yawa: ƙudaje masu cizo suna ƙaruwa, danshi yana lalata kofato, zama wuri guda kuma yana kashe ƙarfin jiki. Saboda haka masu barga ba su ɗauki damina lokacin hutu ba. Sukan share turke kullum, su hura hayaƙi don korar ƙwari, su ba da ɗanyar ciyawa da dawa da kanwa, su shafe sirdi da linzami da mai, sannan su fita kilisa duk ranar da gari ya washe. A fadar Kano kula da barga babban aiki ne, har akwai sarautar Shamaki.

Zuwan mota bai sauya wannan jadawali nan take ba. Turawa sun ci Kano a 1903 bayan sun biyo ta Bebeji, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka shiga share hanyoyin mota zuwa gundumomi. Yawancinsu hanyoyin rani ne, na ƙasa, marasa gadoji masu ƙarfi. Da marka ta kankama, mota sai ta tsaya a gida, hakimi ya koma bayan dokinsa. Kwalta da manyan ayyuka irin su madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da motocin Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, su ne suka sa tafiya ta daina jiran rani.

Yau dalilan ajiye mota sun sauya. Wani gado ya ci, ba ya son sayar da motar mahaifinsa. Wani yana ci-rani a nesa. Wani kuma tsadar fetur ce ta tsayar da shi tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Abin da ya ɓace shi ne ilimin masu barga. Mun ɗauka ƙarfe ba ya buƙatar kiwo, sai mu lulluɓe mota da tamfol mu juya baya.

Mota kuwa tana lalacewa a tsaye. Batir yana mutuwa cikin makonni, fetur yana tsufa ya toshe hanyoyinsa, taya tana lotsawa ta gefen da ta zauna, birkin hannu yana maƙalewa, ɓeraye suna cinye wayoyi, tamfol ɗin leda kuma yana riƙe danshi har tsatsa ta kama. Maganin bai yi nisa da na doki ba: a wanke ta, a yi mata juye, a ƙara wa tayoyi iska, a cire kan batir, a tokare ta da itace maimakon jan birki, a ajiye ta a busasshen daɓe mai shan iska. Idan da hali, a fita da ita kilisa har injin ya ɗauki zafi sosai, domin kunnawar minti biyu a tsaye ruwa take tarawa a salansa.

Mai bargar da ya yi sakaci a watan marka, ranar hawan Sallah ake ganin dokinsa yana ɗingishi a gaban jama'a. Mai mota kuwa yakan gane nasa sakacin ne da tsakar dare, ranar da naƙuda ta kama matar gida, ya murɗa makulli injin ya yi shiru.