'Yan Cikon Benci: Mutanen Da Ke Tsaye A Bayan Jarumi

Yau ba zancen Ali Nuhu ko wani babban jarumi zan yi muku ba. Zancena a kan mutanen nan ne da ake tarawa a bayan jarumi: masu ciniki a kasuwa, dogarai a fada, mahaya a fagen yaƙi. Ba sa cewa uffan, mu kuma muna kiransu 'yan cikon benci.

Tun daga farkon fim a ƙasar nan da su aka fara. A 1926 wani Bature, Geoffrey Barkas, ya ɗauki fim mai suna Palaver a tsaunukan Filato, wanda ake lissafawa a matsayin dogon fim na farko da aka yi a Najeriya. Manyan jaruman Turawa ne, amma mayaƙan da suka cika fage mutanen Sura da Angas ne, a ƙasarsu, da makamansu. Labarin kuwa an tsara shi ne don ya nuna cewa sai da Bature za su zauna lafiya. Wato da jikinsu aka faɗi maganar da ba tasu ba.

Haka aka yi a Ingila a 1935 da fim ɗin Sanders of the River. Cikin baƙaƙen fatar da aka ɗauka don cika fage har da wani ɗan Kenya mazaunin Landan, wanda aka sa wa kayan sarauta. Sunansa Jomo Kenyatta, wanda ya zama shugaban ƙasarsa a 1964. Shi kansa babban jarumin, Paul Robeson, da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin yana yabon mulkin mallaka, sai ya nesanta kansa da shi.

To namu na gida fa? A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, ya zama fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Bayansa ya yi Kanta of Kebbi, a lokacin da Kabi ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Irin waɗannan finafinan ba sa yiwuwa da mutum goma. Sai da ayari, da almajirai, da dawaki. Shaihu Umar ya ɓace shekara da shekaru, har aka gano faifansa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. In ka samu dama ka kalle shi, ɗan kawar da ido daga jarumin ka dubi na bayansa. Naɗin rawani, zaman tabarma, yadda ake durƙusawa a gaishe da babba, duk ba darakta ne ya koya musu ba. Daga gida suka zo da su. Ni a ganina nan ne tarihin yake, fiye da cikin maganganun da aka rubuta wa jarumi.

Da Kannywood ta kankama bayan Turmin Danya a 1990, sai labarai suka koma falo da soyayya, taro ya ragu, saboda tara mutane kuɗi ne: mota, abinci, sallama. Ɗan cikon benci kuma yakan yini a rana ana maimaita fitowa ɗaya, ƙarshe a yanke wurin da ya fito.

Abin da ya sa wannan ya dame ni, ku dubi gabashin Sakkwato. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Rabah mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce. Goronyo ga madatsar ruwa a kan gulbin Rima, ga fadama. Duk ranar da wani ya tashi yin fim a kan Bello ko ƙuruciyar Sardauna, jarumin daga Kano ko Kaduna za a kawo shi, ba shakka. Amma mahaya da masu kakaki da tsofaffin da harshensu Sakkwatanci ne tsantsa, a garuruwan nan za a same su.

Saboda haka 'yan uwa na Wurno da Rabah da Goronyo, in masu kyamara sun iso, ku tambayi abin da labarin ke faɗi a kanku, a yanke kuɗin yini kafin a kunna kyamara, kuma a rubuta sunayenku cikin jerin da ke fitowa a ƙarshen fim. Sai mun haɗu a shiri na gaba.