Harafi Ɗaya a Cikin Biliyan Uku

A lungunan da ke cikin Ƙofar Nassarawa, inda na tashi, tsofaffinmu sun san kalmar wabi tun kafin su ji sunan sikila. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna komawa, sai a raɗa wa sabon jariri Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Ba duk wabi ne amosanin jini ba, domin ƙyanda da zazzaɓi sun ɗebi nasu kaso. Amma yaron da hannuwa da ƙafafunsa ke kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, ya kwana kukan ciwon ƙashi da sanyin hunturu, yau mun san abin da ke damunsa. Sanin ya ɗauki duniya kusan shekara hamsin.

A 1910 wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, ya bayyana jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa laifin yana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Amma me ke sa uwa da uba su miƙa wa ɗa wannan laifi? Amsar ta jira 1953, lokacin da James Watson da Francis Crick, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, suka fayyace ƙirar DNA, bayan sun ga hoton da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin.

Ƙirar ita ce zare biyu da suka murɗe da juna kamar igiya, kowane zare jerin haruffa huɗu ne: A, T, G da C. A ba ya riƙe hannun kowa sai T, G kuma sai C. A nan hikimar take. Idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta warware igiyar, kowane zare ya zama allon da za a duba a rubuta abokinsa. Matthew Meselson da Franklin Stahl sun tabbatar da haka a 1958: kowace sabuwar igiya rabinta tsohuwa ce, rabinta sabuwa. Akwai ma sinadaran da ke bin rubutun suna gyara kuskure, yadda malamin da ya juyi littafi da hannu ke komawa ya gwada shi da na asali. Haruffan ɗan Adam sun kai biliyan 3, kuskuren da ke tsira bai wuce ɗaya a cikin kusan biliyan ba.

A wannan jami'a ta Kambirij, tsakanin 1956 da 1957, Vernon Ingram ya gano cewa tubali guda kacal ya bambanta himogulobin mai sikila da na lafiya. Daga baya aka karanta rubutun kansa: inda ya kamata a ga GAG, sai aka ga GTG. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa wannan sauyi ya faru sau ɗaya ne, a Afirka, kimanin shekara 7,300 da suka wuce. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Jikin mai sikila ba kuskure yake yi ba. Amana yake riƙewa, yana juyar harafin da ya gada ba ƙari ba ragi.

To me ya hana harafin ɓacewa, alhali yana kashe yara? Sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai harafi ɗaya, wato AS, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Ƙasar Kano ma ta ba da tata shaida. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓi a Garki, wadda yanzu ke Jihar Jigawa. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun tarar kusan jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Masu AS kuwa sun tashi daga kashi 24 a jarirai zuwa kashi 29 a waɗanda suka girma. Ban san lissafin da ya kai wannan ban tausayi ba: ratar da ke tsakanin alƙaluman nan ƙananan kaburbura ne.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin jinsin jini. Ina goyon bayanta, amma ina ƙorafi kan lokacin da muke zuwa gwajin. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma ciki na biyu ba ruwansa da abin da na fari ya haifar. Wannan bayani ya kamata ya iske yaro a sakandare. A unguwarmu yakan iske shi ne bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, lefe yana hanya, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gida biyu.