Tarihin Baka Biyu a Lissafi: Wanne Ake Fara Yi?



Kwanakin baya a nan Sabo, Ibadan, wasu abokan ciniki su uku suka sayar da kaya na naira 90,000, akwai kuɗin mota da dako naira 30,000 da za a cire kafin a raba. Ɗayansu ya buga 90,000 − 30,000 ÷ 3 a ƙaramar kalkuletar shago, ta ba shi 20,000. Yaronsa ya buga daidai wannan a waya, ta ba shi 80,000. Nan take musu ya kaure. Kalkuletar tana bin lambobi ne yadda aka danna su. Ita kuwa waya ƙa'idar makaranta take bi: rabawa da ninkawa kafin tarawa da ɗebewa. Da an rubuta (90,000 − 30,000) ÷ 3 da ba a yi gardama ba. To daga ina wannan ƙa'ida ta fito?

Masanan da can ba su da wannan matsala, domin da kalmomi suke rubuta lissafi. Wajen shekarar 820 Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na Aljabara a Bagadaza ba tare da alamomi ba. Jimla ce ke faɗa maka abin da za ka fara yi. Babban ɓangare na littafin ma kan wasiyya da rabon gado ne, fannin da malamanmu suka san muhimmancin tsari a cikinsa: a biya bashi, a fitar da wasiyya, sannan a raba wa magada. Wanda ya fara da rabo ya ci haƙƙin wani.

Alamomin sun zo ne ɗaya bayan ɗaya a Turai. + da − sun fito a bugaggen littafin Johannes Widmann a Jamus a 1489. Robert Recorde ya kawo = a 1557, William Oughtred ya yaɗa × a 1631, Johann Rahn kuma ya kawo ÷ a 1659. Rubutu ya gajarce, amma sai aka rasa jimlar da ke nuna tsari. Dole a nemo abin da zai haɗa lambobi wuri guda.

Baka biyu ta bayyana a aikin Tartaglia na Italiya a 1556, sai dai ba ta karɓu nan da nan ba. Da yawa sun fi son jan layi a saman lambobin da ake so a haɗa. Ragowar wannan layi ne muke gani har yau a saman alamar tushen lamba. Sai a ƙarni na 18, bayan Leibniz da Euler sun rungume ta, baka ta yi rinjaye.

Fara ninkawa kafin tarawa kuwa al'ada ce da ta girma a hannun masu aljabara, daga baya littattafan makaranta suka mayar da ita doka. Ita ce BODMAS da 'ya'yanmu ke haddacewa, Amurkawa kuma su ce PEMDAS. A kula: rabawa da ninkawa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bin su zuwa dama. A 2019 an yi ta ce-ce-ku-ce a intanet kan 8 ÷ 2(2 + 2), wasu na cewa 16, wasu 1. Laifin na mai rubutun ne, da ya ƙara baka ɗaya da magana ta ƙare.

Mu da muke ciniki nesa da gida, muna aika lissafi ta waya ga abokin hulɗa a Kano ko Sakkwato, mu riƙa sa baka a inda ya dace. Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin juna.